Katin Kawu Ya Ƙi Buɗe Ƙofa

Akwai wata 'yar shuka a kan tagar ofishin Shugabar ma'aikata, a cikin kofin shayi mai karyayyen hannu, duk ganyenta ya karkata wajen gilashi kamar mai leƙen titi. Ita Mai Makulli take kallo tun da aka ce ta shigo ta turo ƙofa. Haka take tun tana ƙarama. In magana ta yi nauyi sai ta nemi wani ƙaramin abu ta ajiye idonta a kai.

"Kina ji na kuwa?" in ji Shugabar.

"Ina ji, Hajiya."

"Na ce gobe ne. Za a haɗe sashen jigila da na sito, shugaba ɗaya ake so, na jigila zai tafi, mataimakinsa ya riƙe wurin kafin a gama haɗewar. Darakta zai kira shi da hantsi ya faɗa masa da bakinsa, a ofishinsa, ƙofa a rufe, ni ma ina ciki. Da ya zauna zan yi miki waya ki rufe asusunsa. Kafin wayata kar ki taɓa komai."

Mai Makulli ta gyaɗa kai.

Hajiya ta cire tabarau ta murza ido. "Na san kawunki ne. Da abokin aikinki Dogo yana nan ko kiranki ba zan yi ba. To matarsa ta haihu, ya kashe waya, kuma ban ga laifinsa ba. Ke kaɗai ce mai izinin. Mutumin nan ya yi wa kamfanin nan bauta, ba ma so ya ji a bakin 'yan gulma. A faɗa masa cikin mutunci, ya fito ya gaya wa yaransa yadda ya ga dama. Abin da ya rage mu yi masa ke nan. Saboda haka bakinki alaikum, ko a gida."

"To, Hajiya."

Sunan Mai Makulli direbobi ne suka laƙaba mata, ya kuma bi ta har sama. Kamfanin na rarraba magunguna ne da kayan asibiti, kuma kowane ma'aikaci a cikinsa mutum biyu ne: akwai wanda yake shigowa ta bakin get da ƙafarsa, akwai kuma wanda yake zaune a kundin ma'aikata. Kundin ba a kwamfutocin ofis yake ba, yana can a na'urorin wani babban kamfani da ba wanda ya taɓa gani, wurin da masu sana'ar suke kira gajimare. Na cikin kundin shi ake ce wa asusu. Shi ne yake buɗe wa mutum imel, shi yake nuna masa jadawalin motoci, shi yake gaya wa ƙofar gilashi ta hawa na biyu cewa katin da aka kara mata na ɗan gida ne. Ita da Dogo suke ƙirƙirar asusun, su sa shi a rukunin da ya dace, su ƙara masa izini in an yi wa mai shi ƙarin girma, su canja masa kalmar sirri in ya manta.

Su ne kuma suke rufewa. A da, sallamar mutum sai ta ci rabin yini, a rufe nan a manta can, har wani da ya bar aiki ya yi wata yana karanta saƙonnin kamfani a gida. Dogo ya zauna ya ɗinke matakan duka wuri ɗaya, ya sa musu suna rakiya. Dannawa ɗaya ce. Asusu ya rufe, waya da kwamfuta su fitar da mai shi, kati ya mutu, a zare shi daga kowane rukuni, sannan sanarwa ta tafi ga duk mutanen sashensa cewa wane ya bar aiki, ga wanda zai riƙe wurinsa. Dogo yana alfahari da ita. Yakan ce, "Rakiyata har bakin titi take kai mutum."

Ta yi wa mutane da dama rakiya. Ba ta taɓa jin komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Da aka tashi aiki, ta tarar da Kawu a jingine da motarsa yana yi wa wani direba faɗa yana dariya a lokaci ɗaya. Yayan mahaifiyarta ne, shugaban sashen jigila, direbobi suna ce masa Baban Lodi. A gidansa ta tashi tun daga sakandare har ta gama jami'a, shi ya kuma ɗauki takardunta ya hau da su sama da kansa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, shiga mu je. Yau kin yi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Wa ya taɓa ki in rage masa tsawo?"

"Ba kowa, Kawu. Gajiya ce."

Hanya duk shi ya cika ta. Yana da shiri a kan filin lodi. Zai sa a ja layuka da fenti mai ruwan ɗorawa, motocin sanyi a dama, na kwalaye a hagu, a daina wannan cakuɗeɗeniya ta safiya. Ya riga ya yi magana da mai fenti. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, wanda ya shigo filin nan ba zai gane shi ba. Tana ta cewa "haka ne", idonta a kan wani zare da ya fito daga bakin hannun rigarsa.

A gida, matar Kawu, wadda take kira Inna, ta lura da kwanon da aka tura gefe.

"Ke lafiya? Ko an fara soyayya ne? Malam, 'yarka fa ta daina cin abinci, ka bincika."

"Wa ya isa?" in ji Kawu, baki cike. "Duk wanda zai ɗauke mini Uwata sai ya fara kawo kalmar sirri. Haruffa goma sha biyu, da lamba, da wannan alama mai kama da ƙugiya. In ya yi kuskure sau uku mu rufe shi."

"Kai da ba ka iya riƙe taka."

"To me ya sa na kai ta jami'a?"

Suka yi dariya, ita ma ta buɗe baki ta yi abin da ya yi kama da ita.

Kafin magariba ya fita wanke mota, ta bi shi da bokiti. Ta tsaya a bayansa tana kallon ƙeyarsa, inda furfura ta fara cin gashi daga ƙasa. Ta ajiye bokitin da niyyar faɗa masa.

"Kawu."

"Na'am, Uwata."

Ya juyo da soso a hannu, kumfa tana ɗiga a kan silifas ɗinsa. Ta ga yadda abin zai kasance in ta faɗa. Zai kwana bai runtsa ba, gobe ya shiga wurin Darakta da wuta, a yi baram-baram. Ko kuma, abin da ya fi wannan muni, ya sunkuyar da kai a gaban yarinyar da ya goya, ya ce mata ya gode. Gara ya ji daga babba irinsa, a ɗaki rufe, ya samu lokacin gyara fuska kafin kowa ya gan shi.

"Tayar baya kamar ta yi laushi," ta ce.

Ya duƙa ya danna tayar da yatsa. "Idonki ido. Gobe sai mu tsaya wurin mai faci."

Washegari ta zauna a teburinta, wanda yake a lungun babban ɗakin da kowa yake aiki, kusa da na Dogo da ba kowa. Ta buɗe kundin, ta nemo asusun Kawu. Ga hotonsa, na tun lokacin da gashin baki yake baƙi wuluk, ya ɗaure fuska don a ga shugaba. Ga rukunan da yake ciki, doguwar jela, wasu ma sassan an daɗe da rushe su. Ga maɓallin rakiya a ƙasa.

Ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta don ta gwada kawai, ta kai kibiya kan maɓallin ba tare da ta danna ba. Ta janye hannun. Ta san kanta. Wayar za ta shigo, Hajiya ta ce "yanzu", ita kuma ta sandare tana kallon hoton. Ko ta danna, ta yi ta jin dannawar a yatsanta har tsufa.

A gefen maɓallin akwai wani ɗan akwati da ba su cika amfani da shi ba, na tsara aiki ya yi kansa in lokaci ya yi. Dogo ya sa shi ne saboda ma'aikatan wucin gadi, waɗanda kowa ya san ranar tafiyarsu tun ranar zuwansu. Ya taɓa ce mata, "Wannan ban da sallama. Sallama sai an kira ka, don mutum ba agogo ba ne." Ta tuna maganar sarai. Amma ta ce a ranta, ai an faɗi lokacin zaman, Darakta kuma ba ya latti. Ta ƙara 'yan mintuna a kai don a tabbata Kawu ya zauna. In lokacin ya yi, na'ura ce za ta yi, ba ita ba.

Ta cika akwatin, ta rufe shafin. Sai ta ji kamar an sauke mata dutse.

Saura wayar. Ba ta son jin ta. Can ƙasa a sito an kwana biyu ana kuka da na'urar buga lambar kwalaye, ana ta aiko mata tana cewa tana zuwa. Ta sa wayarta a aljihun tebur ta tura, ta ɗauki jakar kayan aiki ta sauka.

A sito ta yi aikin da ya fi ƙarfin matsalar. Takarda ce kawai ta naɗe a ciki, amma sai da ta kwance na'urar ta goge ko'ina, ta sake haɗa ta da kwamfuta, ta buga gwaji har mai kula da sito ya ce, "Haba Mai Makulli, kin ƙarar mana da takarda, ai ta warke." Ta duba agogon bango. Lokacin ya wuce. Yanzu Kawu yana zaune a gaban Darakta, an gama faɗa masa, ko ana cikin faɗa. Ta yi addu'a a ranta Allah ya sa ya ɗauka da sauƙi.

Ta hau matakala a hankali. Tana karya kwana ta ƙarshe ta gan shi.

Yana tsaye a bakin ƙofar gilashi da fayil a hammata, yana kara katinsa, fitila tana kawo ja. Ya goga katin a rigarsa ya sake karawa. Ja. Ya hura masa iska kamar mai hura garwashi.

"Yauwa, ga maganin ta iso," ya ce da ya gan ta. "Uwata, ƙofarki ta raina ni. Na sauka duba wata mota da ta dawo da kaya, na dawo ta ce ba ta san ni ba. Ina ta ƙwanƙwasawa, mutanen ciki kuma kamar an toshe musu kunne."

Ta ƙaraso kusa da shi. "Kawu, ba ka je wurin Darakta ba?"

"Ke ma kin ji zai gan ni? An ɗaga. Wai jirginsa ne bai tashi ba, sai mako mai zuwa. Gara haka, kafin nan na gama lissafin fentin, in kai masa gaba ɗaya. Buɗe mana, ƙafata ta gaji."

Ta kara nata katin. Kore.

Ɗakin da ta bari yana ƙara kamar kasuwa, yanzu ko tari babu. Kowa ya sami abin kallo a fuskar kwamfutarsa. 'Yan sashen jigila, da teburansu suke kusa da ƙofa, wasu da waya a hannu suka yi sauri suka kifa ta. Wata mai shigar da oda ta tashi ta nufi banɗaki da hannu a baki. Sanarwa ta tafi. Ta isa ga kowa a sashen, har direbobin da suke kan hanya, sai mutum ɗaya da aka riga aka zare daga rukunin kafin a aika.

Kawu bai ga komai ba. Yana tafe yana rabon tsiya kamar kullum.

"Kai Mai Lissafi, ina kallonka ta gilashi, ka ga ni ka sunkuya. Bashi nake bin ka? Ke amarya, an ce mijin ya iya shayi, gaskiya ne?"

Ba wanda ya rama. Mai Lissafi ya yi wani murmushi kamar na mai ciwon haƙori.

"Yau kuma me aka ba ku kuka ci?" Kawu ya janyo kujerar Dogo ya zauna a gefenta, ya ajiye wayar aiki a gabanta. "Duba mini wannan ma. Ta fitar da ni, wai in sake shiga, na sa kalmar ta ce ƙarya nake. Kuma wallahi wannan karon ban manta ba. Sunan Innarki ne da shekarar da muka sayi mota."

"Kawu, ba a faɗa."

"Wa zai sace ni? Me zai samu, jadawalin tirela?"

Ta jawo aljihun tebur. Kiran Hajiya ya cika fuskar wayar, da saƙo ɗaya a ƙasa, wanda ya shigo tun tana kwance na'urar sito: an ɗaga zaman, kar ki taɓa komai. Sai wani na baya-bayan nan, kalma biyu: kina ina?

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ta tsage a lungun nan. Ta ji zufa tana bin bayanta a cikin sanyin na'ura. Ta ɗan karkatar da fuskar kwamfutar daga wajensa, ta shiga kundin. Buɗe asusu ba wuya. Ta buɗe, ta raya katin, ta fara mayar da shi rukunansa ɗaya bayan ɗaya daga abin da ta iya tunawa. Duk wannan mai dawowa ne. Ta nemi hanyar janyo sanarwar, tana sane babu. Magana zarar bunu ce, ta na'ura ma haka.

"Me ya same shi?" Kawu ya tambaya yana leƙe.

"Tsarin ne ya ɗan rikice."

"Kun ji ko?" Ya ɗaga murya don ɗakin ya ji. "Gajimaren naku ma gigin tsufa yake yi. Da can da muke da makulli na ƙarfe, wa ya taɓa kwana a waje? Allah dai ya yi wa Uwata albarka. Ni na kawo ta nan, kun sani? Da aka ce wai yarinya ce ba ta magana, na ce ku ba ta na'ura ku gani."

Kowace kalma kamar ana zuba mata ruwan zafi a ka. Ta so ya yi shiru, ta so ya ci gaba, don in ya yi shiru zai ji shirun ɗakin. Tunaninta ɗaya, ta gama ta ja shi waje, ko ta kai shi ofishin Hajiya, ko'ina dai mai ƙofa.

"Kawu, ko za mu je ofishin Hajiya ka jira a can? Akwai sanyi."

"Nan ma akwai. Yi aikinki."

Ana haka Mataimaki ya shigo daga filin lodi, hularsa a hannu, yana haki. Yaron Kawu ne na hannun dama. Kwandasta ne a da, Kawu ya koya masa tuƙi, ya koya masa jadawali, ya tsaya masa har ya zama mataimakinsa. Bai ga idon da Mai Lissafi yake ƙifta masa ba. Ya zo kai tsaye ya durƙusa a gefen kujerar, a gaban kowa.

"Baba, wallahi tallahi ban nema ba. Ban san komai ba sai yanzu da na gani a waya. Ko Alƙur'ani aka kawo zan dafa. Ni in hau kujerarka? Ni wa?"

Kawu ya dube shi yana murmushi, murmushin da bai riga ya san an gama da shi ba. "Kai kuma wace kujera? Tashi mana, ka sha wani abu ne?"

Mataimaki ya dubi Kawu, ya dubi Mai Makulli, ya dubi ɗakin. Fuskarsa ta canja. "Au. Ba a..."

"Kawo wayar."

"Baba, bari dai..."

"Na ce kawo."

Ya miƙa da hannu biyu. Kawu ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya buɗe shi a hankali, ya sa. Ya nisanta wayar ya matso da ita. Leɓensa yana motsi yayin da yake karantawa, kamar yadda yake yi da takardar kaya. Sanarwar gajeriya ce, amma ya daɗe a kanta. Wani a can baya ya ja kujera, ƙarar ta cika ɗakin.

Ya mayar wa Mataimaki wayarsa, ya juyo gare ta. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Rikicewar da kika ce ke nan? Kuskure ne, ko, Uwata?"

Ya buɗe mata ƙofar tsira, ta gani. In ta ce e, zai yi dariya, ɗakin ya taya shi, a ce na'ura ce. Ya samu mako ɗaya yana lissafin fenti, mutane suna kallonsa suna kawar da kai, sannan a kira shi a faɗa masa abin da har masu gadi sun sani. Ta buɗe baki. Ba e, ba a'a. Idonta ya sauka a kan igiyar katin da ke wuyansa, wadda ta koɗe har sunan kamfanin ya goge.

Kawu ya gyaɗa kai a hankali.

"Tun yaushe?"

"Jiya," ta ce, da kyar ita ma ta ji kanta.

"Jiya." Ya maimaita. "Kafin mu tafi gida."

Ta sunkuyar da kai.

Sai ga Hajiya ta fito daga lungun ofisoshi da sauri, mayafinta yana zamewa, ta dawo daga neman Mai Makulli a ƙasa ta ɗaya matakalar. Ta tsaya cak da ta ga Mataimaki a durƙushe.

"Innalillahi. Malam, don Allah ka zo ofis mu yi magana. Ba haka aka shirya ba, wallahi ba haka aka shirya ba. Ke kuma, me na ce miki? Ban ce ki jira wayata ba?"

"Na tsara shi ne ya yi da kansa," in ji Mai Makulli. Hawaye ya fara zuba, ba ta share ba. "Ban iya dannawa ba."

"Ba ki iya ba, shi ne kika..." Hajiya ta haɗiye sauran. Ta dubi fuskar kwamfutar, ta ga asusun a buɗe, ta rage murya, amma a ɗakin da ba mai numfashi rage murya ba ya ɓoye komai. "Kin sake buɗewa? To ai yanzu tunda ya sani, doka ba ta bari a bar shi a buɗe. Sai dai in an jima, in mun shiga ciki."

A daidai nan wayar aikin Kawu, da ta dawo hayyacinta, ta fara rawa a kan tebur. Saƙonni suna shigowa a jere, na direbobi daga hanya. Sunayensu suna hawa kan juna, da farkon maganarsu: Baba gaskiya ne, Baba Allah ya sa haka ne mafi alheri, Baba mu fa ba mu yarda ba. Ya kalle ta tana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa bakin tebur. Ya sa yatsa ya tare ta, ya kifa ta.

"Hajiya, ba sai mun shiga ciki ba. Abin da za a faɗa a ciki ai an faɗa a waje." Ya matso da kujerar, ya juyo da fuskar kwamfutar wajensa da kansa. Ya ga hotonsa, ya ɗan tsaya a kai. "Wanne ne?"

Ta nuna masa da yatsa, ba ta taɓa gilashin ba.

"Wannan ɗan ƙaramin?"

Ta gyaɗa kai.

"To danna."

"Kawu..."

"Aikinki ne. An ba ki amana, kin riƙe, ban ce komai ba. Wannan ma da kin riƙe shi da hannunki, da ban tsaya a bakin ƙofa ina hura kati ba. Danna, ina kallo."

Ba a taɓa yi mata faɗa da murya mai laushi haka ba. Ta cire alamar aika sanarwa, don kar ta tafi sau biyu, ta ɗora hannu a kan linzamin. Ya yi sanyi. Ta kai kibiyar. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna.

Ba ƙara, ba komai. Hoton ya dusashe ya koma toka-toka, jelar rukunan da ta fara mayarwa ta ɓace. Wayar da ke kife ta yi rawa sau ɗaya ta yi shiru.

Hajiya ta fara wata magana a kan haƙƙoƙinsa da takardar yabo da walimar da za a shirya. Mataimaki yana nan a durƙushe yana murza hula. Mai Makulli ta ɗaga kai don ta ce wani abu, ko yafe mini, ko bari in raka ka, ko dai Kawu kawai.

Kawu ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu. Ya zare igiyar katin ta kansa, ta ɗan maƙale a hularsa, ya gyara hular. Ya ajiye katin a kan wayar, ya daidaita su da gefen tebur. Ya miƙe, ya mayar da kujerar Dogo wurinta, ya tura ta ciki yadda ya same ta. Ya dafa kan Mataimaki sau ɗaya a wucewa.

Ya bi tsakanin teburan, mutane suna miƙewa tsaye ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun san abin da za su yi da hannayensu ba. Bai dubi kowa ba. Daga ciki ƙofar gilashi ba ta neman kati. Ya tura ta, ya riƙe ta har ta koma a hankali don kar ta buga, ya sauka.